Tausa, Wankan Jego da Ciwon Damuwa Bayan Haihuwa

   Ku 'yan mazan da nake hangowa can bakin ƙofa, ku daure ku matso ciki, rabin maganar nan taku ce.

An ce in yi bayani a kan tausa da sauran magungunan da ba na asibiti ba, ko suna da wani amfani ga macen da ciwon damuwa ya kama bayan ta haihu. Suna da amfani. Sai dai ba irin amfanin da masu tallarsu ke kwarzantawa ba ne, kuma akwai inda ƙarfinsu ya tsaya cak. Sanin wannan iyakar shi ne abin da ya kawo ni.

Akwai abubuwa uku da ake cakuɗa su wuri ɗaya. Kwana biyu ko uku da haihuwa, daidai lokacin da nono ke kawowa, sai ki ga mai jego tana hawaye babu wanda ya taɓa ta, an jima kuma tana dariya. Wannan yana samun fiye da rabin masu jego, kuma dalilinsa a jiki yake. Duk tsawon goyon ciki mabiyiya tana zuba wasu sinadarai a jinin uwa, da ta faɗo sai su yi ƙasa cikin 'yan kwanaki, ga gajiyar naƙuda, ga rashin barci. Kafin sati biyu ya wuce da kansa. A can ɗaya gefen kuma akwai gushewar hankali, wadda ke samun mace ɗaya ko biyu cikin 1,000. Barci ya ƙaurace mata gaba ɗaya, magana ta rikice, tana jin muryoyi, wani lokaci ta ce jaririn ba nata ba ne. Ita wannan, ku ɗauke ta kamar zubar jini: a ranar za a kai ta asibiti, kuma ba a barin ta ita kaɗai da jariri ko na minti ɗaya.

Tsakanin waɗannan biyun ciwon damuwa yake. Ya wuce sati biyu bai tafi ba, wani ma sai bayan arba'in yake sallama, har cikin shekarar farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna gamuwa da larurar ƙwaƙwalwa, galibi wannan ciwon, kuma a ƙasashe masu tasowa adadin ya kai kusan kashi 20. Ku lissafa masu goyon da kuka gani a gidan sunan da kuka je kwanan nan. Cikin biyar, ɗaya.

To me ya sa ba ma ganinsu? Don ba wadda za ta zo ta ce miki, "Ina da ciwon damuwa." Abin da za ki ji shi ne, "Jikina ne ba ƙarfi." "Kaina ya yi nauyi." "Ƙirjina ya cushe." "Tunani ya yi min yawa." Ƙauri da farfesun da aka kawo mata suna nan a rufe har sun yi sanyi. Alamar da na fi dogara da ita ita ce barci: jariri ya yi barci, gida ya yi tsit, an ce mata kwanta, ta kwanta, amma ido biyu har asuba. Gajiyar reno ba ta hana barci, damuwa ce ke hanawa.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A kan mai jego karin maganar nan yakan ba mu kunya, musamman a haihuwar fari. Mun koya wa yarinya kada ta kama sunan ɗan fari, kada ta yi masa wasa a gaban manya, in ya yi kuka ta kau da kai sai an miƙo mata shi an ce ba shi nono. Wannan kunya ce, tarbiyya ce, ba na sukarta. Amma ku lura da abin da take ɓoyewa. Yarinyar da ke kau da kai don kunya, da wadda ke kau da kai don ba ta jin komai game da yaron a zuciyarta kuma abin yana cinta, daga waje kamanninsu ɗaya. Ta biyun har yaba mata muke yi, muna cewa wance akwai kawaici. Bambancin yana fitowa ne idan ɗaki ya watse. Mai kunya tana faki ta sunkuya tana kallon fuskar ɗanta. Mai ciwo tana juya wa bango fuska.

Yanzu tausa. Wadda ta fi kowa bincike a kanta wata malama ce a Jami'ar Miami ta Amurka, Tiffany Field, wadda ta kafa cibiyar nazarin taɓa jiki a 1992. Tun a 1986 ta nuna cewa bakwainin da ake yi wa tausa sun fi waɗanda ba a yi wa saurin ƙara nauyi. Daga baya ta juya kan iyayen. Ta koya wa maza su riƙa yi wa matansu masu ciki da ke fama da damuwa tausa a gida, sai aka ga ciwon baya da na ƙafa sun ragu, fargaba ta ragu, sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin tashin hankali ma ya sauka. A Landan kuma, a 2001, Vivette Glover da abokan aikinta sun ɗauki masu jego da ke da ciwon damuwa, suka koya wa wasunsu yi wa jariransu tausa. Waɗanda suka koya sun fi sauran shaƙuwa da yaran, suna haɗa ido da su, suna gane lokacin da yaro ke so da lokacin da ya gaji. A jagorar kula da mai jego da jariri da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ma an yarda a yi wa lafiyayyen jaririn da ya cika wata tara tausa mai laushi.

Amma kada a kai labarin nan kasuwa a ƙara masa gishiri. Matan da aka yi waɗannan gwaje-gwajen da su kaɗan ne, na Landan ɗin ba su kai 40 ba. Kuma masu sukar binciken suna da wata tambaya mai ƙarfi: shin tausar ce ta yi aiki, ko kuwa zaman da wani ya yi da matar, ya ba ta lokacinsa, ya kula da ita? Ba yadda za a yi a yi wa mutum tausa ba tare da an zauna da shi ba, don haka raba su yana da wuya. Su a wurinsu wannan rauni ne a binciken. Ni a wurina nan ne darasin yake. In har rabin amfanin tausa zaman ne da kulawar, to mu da muka gaji kwana arba'in na jego muna zaune a kan dukiya.

Ku tuna yadda abin yake a gidan da aka riƙe al'ada. Tun kafin kiran assalatu an hura wuta a ƙarƙashin tukunya ko rabin duro. Ruwa ya tafasa, an jefa ganyen darbejiya ko na tsamiya. Tsohuwa ta ɗaura zani a ƙirji, ta tsoma damin ganye tana fyaɗa wa mai jego a baya, a ƙugu, a cinya, tana danna ciki. An gama, ta shafe ta da man kaɗanya, tana murza kafaɗu, tana jan yatsu ɗaya bayan ɗaya har su yi ƙara. Da yamma a sake. Wato sau biyu kullum akwai macen da ke ganin mai jego ba lulluɓi, hannunta a jikinta, ba kowa a wurin sai su biyu. Babu likitan da ke samun irin wannan damar. Mu a asibiti minti nawa muke ba ta ranar awo ko ranar rigakafi, ga layi har waje?

Ga ƙorafina a kanku, iyayena ungozomomi, kuma da ladabi nake yi. Kuna duba ko ciki ya koma, ko jini ya tsaya, ko nono ya wadata, ko cibiya ta faɗi. Cikin kwana arba'in ɗin nan sau nawa ake tambayar yarinya, "Ke fa, yaya zuciyarki?" In ma ta yi ƙarfin hali ta fara, amsar da take samu a shirye take: "Ke da Allah ya sauke ki lafiya, ga ɗa namiji, me kika rasa? Yi shiru, kada ki yi butulci." Daga ranar ta rufe baki. Hannu yana ta tausa, ciwon yana ta ci.

Sannan jegon kansa ya canza. Amarya a gidan haya a Abuja ko Legas, ko a sabuwar unguwa a bayan Kano inda ba ta san maƙwabta ba, uwarta ta zo ta yi sati ta koma, miji ya fita tun safe. Mai wanka ta kuɗi ce, tana da gidaje huɗu a gabanta, tana gamawa ta ɗauki mayafi. Wadda ta je wankan gida ma ba lallai ta huta ba. 'Yan barka daga hantsi har bayan isha, kowa sai an tashe ta sun gaisa. Ga zancen kayan suna, ga habaicin dangin miji in mace aka sake haifa, ga tunanin abin da ke gudana a ɗakinta tunda ta baro shi. Talauci, duka ko zagi daga miji, rasa jariri, wahalar naƙuda, da taɓa yin ciwon a baya, duk suna cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo shi. Man kaɗanya ba ya shiga nan.

Tunda na taɓo ruwan zafi, bari in ɗan ratse. A shekarun 1970 likitoci a Zariya, Davidson da Parry, sun rubuta yawan ciwon zuciyar da ke kama masu jego a yankin, suka ɗora alhakin a kan wankan ruwan zafi, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙasa, da kunun kanwa. Shekaru muna faɗa wa mata haka. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a asibitoci da dama na Najeriya bai ga alaƙa mai ƙarfi tsakanin al'adun nan da ciwon ba, ya fi nuna yatsa ga rashin abinci mai gina jiki, da talauci, da hawan jinin ciki. Duk da haka ruwan da ke saɓule fata ba magani ba ne, kuma mai hawan jini ba ta da abin yi da kanwa. Na kawo wannan ne don mai ciwon zuciya ma tana zuwa da kasala da rashin barci. In kin ga ƙafa ta kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta da matashi, kada ki ce damuwa ce.

Akwai kuma inda tausa kanta ke kisa, kuma ina roƙon kowa ya riƙe wannan. A makonni shida na farko jinin mai jego yana saurin daskarewa. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura, sha-raɓa ta yi zafi tana ciwo, kada a murza, kada a gasa. Gudan jini ne mai yiwuwa, in aka murza ya ɓalle ya tafi huhu, kafin a samo mota an rasa ta. Wadda aka yi wa aiki aka ciro jariri, a bar cikinta sai ɗinki ya warke. Mai zazzaɓi, mai jini mai wari, mai ciwon kai da ganin duhu-duhu, asibiti za ta, ba bayan ɗaki ba.

Tausar jariri kuwa ina son uwar ce ta yi da hannunta, ko da kaka ta fi ta iyawa. A shimfiɗa zani a cinya, a rufe taga saboda iska, ba daf da ya gama shan nono ba. Ta ɗiga mai kaɗan a tafin hannu ta murza ya yi ɗumi. Ta fara daga cinya zuwa tafin ƙafa, a hankali, tana kallon fuskarsa tana yi masa magana, ko da shirme ne. In ya kau da kai ko ya banƙare, ta dakata. Minti goma ya isa. Macen da ciwon ya gama gaya wa cewa ita ba uwar kirki ba ce, ranar da ta ga yaro ya saki jiki a hannunta yana bin ta da ido, wani abu yakan motsa. Kaka, ki zauna kusa ki nuna mata, amma ki danne zuciyarki kada ki karɓe.

Sauran hanyoyin zan bi ta kansu da sauri. Tafiya a ƙafa da motsa jiki suna rage damuwa mara tsanani, shaidar wannan tana da dama, don haka kulle mai jego a ɗaki mai duhu kwana arba'in ba gata ba ne. Wani bincike a Landan a 2018 ya nuna masu jegon da ke haɗuwa suna waƙa tare na tsawon mako goma sun fi saurin samun sauƙi. Allurar Sinawa da man kifi, sakamakonsu ya rabu, wani ya ce eh wani ya ce a'a. Ƙaho ba na mai jegon da ta riga ta zubar da jini ba ne.

Abin sha ne ya fi tsorata ni. Akwai wani ganyen Turai da ake kira St John's wort, ana sayar da shi a kwalba a matsayin maganin damuwa. Yana karya ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da magungunan ƙanjamau, in kuma aka haɗa shi da maganin damuwa na asibiti yana iya zama guba. Wannan wanda aka yi nazarinsa ke nan. Ina ga jiƙon da aka ɗura a gorar ruwa, ba suna, ba awo, mai shayarwa ta sha ya bi nono? Haka maganin barcin da ake karɓowa a kemis ba takarda. Kun san yadda maganin tari mai kodin ya shiga ɗakunan matan aure kafin gwamnati ta hana shi a 2018. Da yawansu barci suka je nema.

Malamaina, na zo kanku. Addu'a, karatun Alƙur'ani, zikiri, ruƙiyyar da ta dace da sunna, babu ma'aikacin lafiya mai hankali da zai hana mace su, suna sanyaya zuciya kuma mu ma da su muke tashi. Ku duba Suratu Maryam. Lokacin da naƙuda ta kai Nana Maryam gindin dabino, ita kaɗai, ƙunci ya kai ta har ta yi burin da ma ta mutu kafin wannan rana. Ba a tsawata mata ba. An kwantar mata da hankali, aka nuna mata ruwa da dabino, aka ce ta ci ta sha. Ban ce ciwon da muke magana ne ya same ta ba. Abin da nake cewa, in mafificiyar mata ta furta irin wannan kalma aka amsa mata da lallashi da abinci, wa ya ba mu izinin ce wa 'yar mutane imaninta ne ya yi rauni? Abin da nake roƙo a daina shi ne duka da sunan fitar da iska, da turnuƙe ɗaki da hayaƙi ga jariri kwance, da ɗora wa kishiya ko uwar miji laifin sammu har gida ya watse. Babbar asarar kuma lokaci ce. Wata huɗu, wata shida ana yawo daga wannan gida zuwa wancan, yaro yana ramewa, kafin a zo mana. Wata ma gwajin jini kawai take buƙata, don ƙarancin jini da matsalar ƙwayar maƙogwaro, wadda ke kawo maƙoƙo, dukansu suna kwaikwayon ciwon damuwa bayan haihuwa. Malam, ka yi mata addu'a, sannan ka ce wa mijin gobe ya kai ta asibiti. Daga bakinka zai fi ji.

Maganin da ya fi kowanne shaida, bayan ƙwaya, magana ce, kuma ba sai da babban likita ba. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, Farfesa Atif Rahman ya horar da matan da ke aikin lafiya gida-gida su riƙa zama da masu ciki da masu jego, suna sauraro, suna taimaka musu su warware tunanin da ya ɗaure su, suna jawo miji da uwar miji cikin lamarin. Sakamakon ya fito a 2008: bayan wata shida, kashi 23 cikin 100 ne suka rage da ciwon a cikin waɗanda aka yi wa haka, a ɗaya rukunin kuwa kashi 53. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi tsarin a 2015. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda kakanni mata ya horar, suna zama a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa. A nan gida Farfesa Oye Gureje ya gwada irin wannan da ma'aikatan ƙananan asibitoci a jihar Oyo. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200. In su za mu jira, ba za a zo kanmu ba.

Idan ciwon ya yi nauyi, akwai ƙwaya. Irin su sertraline kaɗan ne ƙwarai ke shiga nono, ana shayarwa ana sha, ba ta sa maye, amma takan ɗauki sati biyu zuwa huɗu kafin a ga canji, kuma ba a yanke ta rana ɗaya don an ji sauƙi. Amurka ta amince da wata sabuwa, zuranolone, a 2023, ta kwana 14 kacal, sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin aljihunmu. Shan ƙwaya bai hana tausa ba, bai hana addu'a ba. A haɗa su.

Maigida, naka aikin ba ya buƙatar ko sisi. Ka karɓi yaron bayan ya sha nonon dare, ka fita da shi falo ko tsakar gida, ta samu awa huɗu a jere ba a tashe ta ba. Ka tsaya a ƙofa ka ce wa 'yan barka tana barci. Ka murza mata kafaɗa da tafin ƙafa, ba abin kunya ba ne a ɗakinka. In ta fara magana kada ka yi mata wa'azi, kada ka lissafa mata buhun shinkafar da ka sayo.

Ku kuma ma'aikatan asibiti, akwai tambayoyi goma da John Cox da abokan aikinsa suka tsara a Edinburgh a 1987, bayan da shi Cox ya riga ya yi aiki da masu jego a Yuganda. Minti biyar ake cika su, ranar rigakafin sati shida ta dace da su. Ta goman tana tambaya ne ko mace ta yi tunanin cutar da kanta. Kada ku tsallake ta don nauyin baki. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma ajiyar zuciya za ku ji.

Iya ungozoma, ke ba sai kin riƙe takarda ba. Gobe da asuba, kina cikin shafa mata mai, ki tambaye ta ko tana samun barci in yaro ya yi barci, ko akwai abin da ke mata daɗi a kwanakin nan, ko ta taɓa jin da ma ba ta duniya. In amsar ta dame ki, kuma an wuce sati biyu da haihuwa, ki sa a kai ta asibitin da ta yi awo, su za su tura ta asibitin ƙwaƙwalwa in da buƙata, ko na Dawanau a Kano, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri. In ta ambaci mutuwa ko cutar da yaron, ba a jira sati biyu, ranar za a tafi, kuma ki raka ta da kanki, don ke ta gaya wa.

Shugabar taro, na ga an ɗago min agogo. Masu tambayar da ba sa son yi a bainar jama'a su same ni a ɗakin baya bayan an tashi.